Waldar leza da makomar masu walda a Dawanau

Manyan ayyukan ƙarfe biyu sun doshi Kano. Ɗaya shi ne bututun iskar gas na AKK mai tsawon kilomita 614 da faɗin inci 40, wanda aka ƙaddamar a watan Yunin 2020. Ɗayan kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi ne, wanda ya bi ta Dawanau a Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa. Idan aka ɗauki tsawon kowane bututu a matsayin mita 12 kamar yadda aka saba, AKK kaɗai na buƙatar mahaɗa sama da dubu 50, kuma kowace sai an yi mata walda.

Sai dai sana'ar na sauya kama a duniya. Kamfanin ƙera jiragen ruwa na Meyer Werft da ke Jamus ya shafe sama da shekara 20 yana haɗa hasken leza da wutar walda a aiki guda. Leza na huda ƙarfen da zurfi ta siririyar kafa, wutar na biye tana narkar da waya tana cike giɓin. Farantin da ake bi sau da yawa kafin ya haɗu, a nan bi ɗaya ko biyu ya wadatar, kuma da yake zafin bai yaɗu ba, ƙarfen ba ya lanƙwashewa sosai.

Amma dabarar na da nata sharaɗin. Ƙarfe mai kauri da ƙarfi idan ya huce da gaggawa yakan yi tauri ya tsage, wani lokaci daga ciki inda ido ba ya gani. Tana kuma buƙatar a daidaita bakin faranti biyun sosai, ga lantarki mai yawa wanda ba ya yankewa. Mai walda a bakin titin Dawanau, wanda ke gyara bodin tirela da injin casa da ɗan janareta, ba shi da ko ɗaya.

Don haka kuskure ne a ɗauka cewa sayo na'urar leza shi ne mafita. Abin da ke hana matashin Dawakin Tofa aiki a bututu ko layin dogo shi ne rashin takardar shaidar ƙwarewa. A irin waɗannan ayyuka ana gwada mai walda kafin a ɗauke shi, ana kuma haska mahaɗa da na'ura don gano tsaga. Wanda ya koya a hannun maigida, komai iyawarsa, ba shi da abin nunawa.

Hukumar NBTE ta fara tantance masu sana'ar hannu a kasuwar Panteka ta Kaduna. Cibiyar gwaji makamanciyar wannan a kusa da Dawanau ba za ta ci ko kusa da kuɗin kilomita ɗaya na layin dogo ba, kuma bayan 'yan kwangila sun tattara kayansu, taragai da bututun za su ci gaba da neman mai gyara.