Ra'ayinmu: Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

Ranar Alhamis, 14 ga watan Maris na shekarar 2024, kwanaki kaɗan da kama azumi, huɗu daga cikin manyan wayoyin intanet da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku suka tsinke daura da gaɓar ƙasar Kwaddibuwa, watau WACS da MainOne da SAT-3 da kuma ACE. Kafin rana ta faɗi bankuna sun shiga ba jama'a haƙuri, masu POS sun naɗe hannu, ofisoshi da yawa kuwa sai zaman jira. Kamfanin MainOne ya bayyana cewa alamu sun nuna motsin ƙasa ne ya auku a ƙasan teku, a wurin da zurfinsa ya kai kimanin kilomita 3, kuma sai cikin watan Mayu aka kammala gyaran wayarsa, gama tilas a jira jirgin ruwa na musamman ya zo ya ciro ta a haɗa. Wannan al'amari ya ishi kowane ɗalibi da kowane ma'aikacin gwamnati darasi.

Akasarin waɗannan wayoyi a birnin Ikko suke fitowa tudu. Daga can zuwa gari kamar Jahun tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000, amma duk da wannan nisa, a kan zaren nan ne harkokinmu suka rataya. Ɗalibi ba ya biyan kuɗin makaranta sai ta intanet, ba ya rajistar darussa sai ta shafin jami'a, ƙanensa kuma ba ya rubuta jarrabawar JAMB sai a gaban kwamfuta. Ma'aikaci yana jiran albashi ta wannan hanya, ɗan kasuwar Gujungu yana karɓar kuɗin awakinsa ta wannan hanya, haka nan ɗalibin Kwalejin Koyon Aikin Lafiya ta Jahun da ita yake binciken karatunsa. Mun rataya kayanmu duka a kan igiya guda, alhali kuwa ƙalilan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar inda aka ɗaure ta.

Abin da muke son faɗi a wannan fitowa shi ne, ɗaukewar intanet ba abin kunya ba ne ga kowace ma'aikata, domin babu ƙasar da ba ya ɗaukewa. Abin kunya shi ne a kwana, a wuni, a sake kwana, babu mutum guda a cikin ma'aikatar da zai iya nuna inda cutar take. Hausawa suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To, makarantu da ofisoshinmu da yawa sun zama baƙi a cikin ɗakinsu.

Bari mu ɗan bayyana yadda gwanin wannan sana'a yake bin sawun matsala, don mai karatu ya gane cewa aiki ne na hankali da tsari, kamar na likita. Tambayarsa ta fari ita ce: su wa abin ya shafa? In mutum ɗaya ne, to a duba kwamfutarsa. In bene ɗaya ne ko ofis ɗaya, a duba akwatin da ke rarraba wa wannan sashe. In kuwa ma'aikatar ce baki ɗaya, hankalinsa sai ya koma ga abin da kowa ya yi tarayya a kansa. Zai kuma ciro wayarsa ta hannu ya gwada sabis na kamfanoni dabam-dabam, domin in su ma sun ɗauke, ya san abin ya wuce ƙofar gida.

Daga nan sai ya fara da ƙasa, watau da wuta. Shin fitilun na'urorin suna ci? Batura sun mutu ne, ko janareto ya tsaya? Sau da yawa a ƙasarmu nan ne maganar take ƙarewa, gama ɗakin da aka ajiye na'urori in ya rasa sanyi cikin zafin bazara, ko ƙurar hunturu ta toshe masa iska, na'urorin da kansu suke mutuwa. In wuta lafiya, sai ya duba waya: ko ɓera ya ci, ko ruwa ya shiga rami, ko lebura ya sare ta da diga yana haƙar kwata. Akwai ma na'urar da ke harba haske cikin wayar faiba, ta auna dawowarsa, ta faɗi nisan wurin da ta tsinke, don kada a haƙe fili duka ana lalube.

In waya lafiya, sai ya aika ɗan saƙon gwaji zango-zango, ya ga inda zai tsaya. Misalinsa kamar mutumin da ya aika kaya daga Jahun zuwa Dutse ba su isa ba. Mai hankali zai fara tambaya a tashar garinsu, sa'an nan Kiyawa, kana ya wuce gaba, har ya gane inda motar ta lalace. Wani lokaci kuma hanyar a buɗe take, abin da ya lalace shi ne littafin adireshi na intanet, wanda ake kira DNS, mai juya sunan shafi zuwa lambarsa. A nan kwamfuta tana da ƙafar tafiya, amma ba ta san gidan da za ta ba. Sai bayan ya gama duk wannan ne yake kiran kamfanin da ke sayar musu da intanet, yana da hujja a hannu, ba ya tsaya yana cewa "abin dai ba ya yi" ba.

Akwai tambaya guda da gwani ba ya mantawa da ita: me aka taɓa jiya? Ruwa ba ya tsami banza. Ranar 4 ga watan Oktoba na 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace daga duniya na kimanin sa'o'i 6. Ba abokan gaba ne suka kai hari ba. Umarni guda ne da aka bayar yayin gyara na yau da kullum ya yanke hanyoyin da suka haɗa cibiyoyin kamfanin, har sai da aka tura injiniyoyi da ƙafarsu zuwa inda na'urorin suke. In haka ta faru ga kamfanin Amurka mai dubban ƙwararru, ina ga ofishin da ba shi da ko littafin da ake rubuta wanda ya taɓa na'ura da ranar da ya taɓa? Saboda haka ne masu sana'ar suke da ƙa'ida: a canja abu ɗaya a lokaci ɗaya, a gwada, a rubuta. Wanda ya taɓa abu goma a tare, ko da intanet ya dawo bai san abin da ya gyara ba, kuma gobe zai koma gidan jiya.

Wannan duka a cikin gida ke nan. A waje kuwa, abokan gabar wayar intanet a Arewa sanannu ne. Na farkonsu katafilar masu aikin hanya. Shugaban Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, Dokta Aminu Maida, ya bayyana cewa a shekarar 2024 an sare wayoyin faiba fiye da sau 50,000 a Nijeriya, kuma kimanin 30,000 daga ciki aikin hanya ne ya jawo. A wannan shekarar ce Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa waɗanda ɓarnata su laifi ne. Na biyu wutar lantarki. A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa, har da Jigawa, sun yi fiye da mako guda cikin duhu, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sa'an nan na Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya sami matsala. Na uku, wanda ya fi shafarmu mu mutanen kwarin Kogin Haɗeja, shi ne ruwa. Kowa ya tuna ambaliyar 2022, wadda ta ci gonaki da gidaje ta kuma yanke hanyoyi a sassa da yawa na jihar. Turakun sabis na karkara yawancinsu da man dizal suke aiki, kuma in ruwa ya yanke hanya, motar mai ba ta kai musu. Waya kuwa da aka binne a gefen hanya, in ruwa ya tafi da hanyar, da ita yake tafiya.

To, tun da mun san waɗannan abokan gaba da sunayensu, me ya hana mu shiri? A nan ne za mu faɗi gaskiya ko da za ta yi ɗaci. A wurare da yawa, ana ba ɗan kwangila aikin shimfiɗa waya, ya gama, a yanka kyalle, a tafa, ya kama hanyar Kano ko Abuja da taswirar wayoyin da kalmomin sirri duka a cikin jakarsa. Ma'aikacin da aka bari a gida, wanda ake kira "yaron kwamfuta" ko da yana da digiri, ba a ba shi horo ba, ba a ba shi kayan gwaji ba, ba a gayyatarsa wurin taron kasafin kuɗi. Ranar da intanet ya ɗauke kuwa, manya goma ne za su tsaya a kansa, kowa yana ba da umarni, kowa yana tambayar yaushe zai dawo. Wani lokaci ma bayan an sha wahalar bincike sai a tarar kuɗin intanet ne ba a biya ba, takardar tana kwance a kan teburin wani tun watan jiya. Wanda ke shan wuyar wannan sakaci shi ne ɗalibin da ya ci bashin kuɗin mota daga ƙauye ya zo rajista, ya tarar an ce ya dawo gobe, ga ranar rufewa ta matso, ga tarar makara tana jiransa.

Abin ya fi ciwo in aka tuna cewa Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, tsakanin 1999 da 2007, jihar ta kafa kamfanin sadarwa na Galaxy da makarantar koyon kwamfuta ta Kazaure, lokacin da jihohi da yawa ba su farka ba. A 2011 aka buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutse, a 2013 aka kafa jami'ar jiha a Kafin Hausa, a 2019 kuma aka naɗa ɗan Haɗeja, Kashifu Inuwa Abdullahi, shugaban hukumar NITDA. Ashe ba mutane muka rasa ba. Abin da muka rasa shi ne ba su amana da kayan aiki.

Saboda haka muna kira ga hukumomin makarantu da shugabannin ma'aikatu da su duba waɗannan abubuwa. Na farko, kada a biya ɗan kwangila kuɗinsa na ƙarshe sai ya miƙa taswirar wayoyi da kalmomin sirri ga ma'aikatan gida, a rubuce. Na biyu, kowace ma'aikata ta kasance da hanya biyu ta samun intanet, daga kamfanoni biyu, kuma a tabbata wayoyinsu ba rami ɗaya suka bi ba. A watan Maris na 2024, wayoyin Glo-1 da Equiano ba su tsinke ba, kuma waɗanda suke da hanyar komawa kansu su ne suka fara farfaɗowa. Na uku, a ba ɗakin na'urori wutar sola da batura nasa na kansa, a kuma ɗaga shi sama da inda ruwa ke kaiwa, gama wanda ke zaune a fadama ba ya ajiye hatsinsa a ƙasa. Na huɗu, ranar da abin ya faru, a naɗa mutum ɗaya mai yi wa jama'a bayani, a bar masu gyara su yi aikinsu. Na biyar, duk kwanakin da shafin rajista ya yi a rufe, a ƙara wa ɗalibai su, a kuma ɗauke musu tara. Na shida, bayan an gyara, a rubuta rahoton abin da ya faru da dalilinsa, a liƙa a allon sanarwa kowa ya karanta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu ma ɗalibai akwai namu nauyin. Wanda ya ga katafila tana haƙa kusa da alamar waya, ya sanar. Wanda ya ga ana kwance batir ko waya a harabar makaranta, ya san cewa karatunsa ake kwancewa. In za mu kai ƙara, mu faɗi ɗakin da muke, da lokacin da abin ya fara, da abin da allo ya nuna, domin wannan rabin gyara ne. 'Yan'uwanmu masu karatun kwamfuta kuma, muna roƙonsu kada su tsaya ga haddar littafi, su nemi shiga ɗakin na'urori lokacin koyon aiki, su riƙe waya da hannunsu. Ku kuma ƙananan ma'aikata, ku ne manyan sakatarorin gobe. In takardar biyan kuɗin intanet ko ta horar da mai gyara ta zo teburinku, ku tuna da layin da kuka taɓa bi cikin rana kuna jiran sabis ya dawo.

Teku za ta sake motsawa, katafila za ta sake haƙa, Kogin Haɗeja kuma zai sake cika, wannan ba a hannunmu yake ba. Abin da ke hannunmu shi ne ranar da haka ta faru a sami wanda ya san ɗakin, yana da makulli, yana da taswira, kuma ana jin maganarsa. Allah ya sa shugabanninmu su ji, ya kuma ba mu ikon aikatawa, amin.