Ciwon Ciki Bayan Tiyatar Rage Ƙiba Ba na Kanwa Ba Ne

A Boɗinga da Shagari, kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, idan ciki ya murɗa wa mutum, abin da aka saba shi ne a jiƙa masa kanwa, ko a aiki yaro kemis ya sayo ƙwaya. Wannan al'ada tana iya halaka wanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba.

Dakta Edward Mason na Jami'ar Iowa ta Amurka ne ya fara aikin karkata hanyar abinci a shekarar 1966. Likita kan ƙanƙance tumbin mutum, ya haɗa shi da ƙaramin hanji, ta yadda loma kaɗan za ta ƙosar da shi. Wasu masu hali kan je ƙasashen waje a yi musu, su dawo gida nesa da likitan da ya yi aikin.

Wani ciwon daga baki yake farawa. Gaggawar haɗiye tuwo kan cushe ɗan tumbin, kayan zaƙi kuma, irin su fura mai sukari da lemon kwalba, kan zarce cikin hanji da sauri, su haddasa murɗa da gumi da jiri. Maganin wannan shi ne cin kaɗan-kaɗan, da tauna sosai, da raba lokacin cin abinci da na shan ruwa.

Amma akwai masu haɗari. Ramewa da sauri kan haifar da tsakuwa a matsarmama. Magungunan kashe zafi irin su ibuprofen da diclofenac, da shan taba, kan jawo gyambo a wurin ɗinki. Hanji na iya sarƙewa ko bayan shekaru, jini ya daina isa gare shi, ya ruɓe. A makonnin farko kuwa ɗinkin na iya yoyo, alamarsa zazzaɓi da bugun zuciya fiye da 120 a minti ɗaya.

Saboda haka, duk ciwon da ya tsananta, ko ya zo da amai ko baƙin bayan gida, a garzaya da mai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, tare da takardun aikin da aka yi masa. Ya kamata malaman kimiyya su koya wa ɗalibai waɗannan alamomi, domin sau da yawa ɗalibin ne ake aika kemis, kuma shi zai iya cewa a tafi asibiti.