Harsashin Zomo Daban, na Yanyawa Daban

A shekarar 1859 Thomas Austin ya saki zomaye 24 a gonarsa da ke Biktoriya, a Ostireliya. Har yau jikokinsu na cinye ciyawar makiyaya, yanyawa kuma, wadda ita ma daga Ingila aka kai ta, tana kashe jariran tumaki. Manomin da ya ɗauki bindiga don kare dukiyarsa yakan karkata ga harsashi mafi ƙarfi, kuma a nan kuskuren yake. Abu uku ya kamata su yanke hukunci: girman dabbar, nisanta, da abin da ke bayanta.

Harsashin .22 LR, wanda ya fito a 1887, yana da araha da ƙarancin ƙara, ya kuma ishi zomo a tazarar mita 50. Aibinsa shi ne yakan daki ƙasa mai tauri ya kauce, kuma yana iya tafiya fiye da kilomita guda. Na .17 HMR, da kamfanin Hornady ya fitar a 2002, ya fi shi gudu, yakan farfashe da zarar ya bugi abu, sai dai iska na karkatar da shi.

Yanyawa a mita 200 kuwa sai .223 Remington. Ƙaramin harsashi a wannan nisan rauni kawai zai yi mata, ta je ta mutu a wahale. Amma harba .223 ga zomo a bayan garke, linzami ne ya fi ƙarfin bakin kaza, kuma makiyayin da ke ƙetaren shinge ne ke cikin haɗarinsa.

Zaɓin da ya dace shi ne mafi ƙanƙantar harsashin da zai kashe dabbar nan take.