Ra'ayinmu: A gyara tambaya kafin a rufe ta

Duk malamin da ya taɓa riƙe jan biro ya san bambancin yaron da bai yi karatu ba da wanda ya gane darasi amma harshe ya hana shi faɗa. Wannan bambancin ne muke ganin yana yawan ɓacewa a Stack Overflow, inda masu rubuta manhajar kwamfuta na duniya ke kai matsalolinsu tun 2008.

A can, jama'a ne ke duba aikin juna. Wanda ya tara maki 2,000 yana iya gyara rubutun kowa kai tsaye, mai 3,000 kuma yana da ƙuri'ar rufe tambaya. Tun ƙarshen 2019 ƙuri'a uku kacal ke rufe ta, maimakon biyar. Ba mu ce wannan tsari ba shi da amfani ba. In ba a share shirme, wanda ya zo neman amsa gobe zai sha wahala, kuma masu dubawar nan ba a biyansu ko sisi.

To amma wa abin ya fi shafa? Ɗauki yaro a Garwa ko Marwa da ya yi makaranta da Faransanci, yana koyon Python a kwamfutar aro. Akwai sashen Fotugis, akwai na Sifaniyanci, da Rashanci da Japananci, amma babu na Faransanci. Dole ya yi tambaya da Turancin da ya tsinta. Matsalarsa ta gaske ce, ya liƙa abin da ya rubuta, sai dai jimlolin sun karkace. Kafin ya dawo daga sallar la'asar an rufe. Da yawa ba sa sake tambaya. Kamfanin da kansa ya amsa a 2018 cewa sababbin shiga ba sa samun tarba mai kyau.

Minti biyar ya ishi mai dubawa ya miƙe jimlolin, ya sa take mai ma'ana, ya tsara layukan umarnin yadda za su karantu, ba tare da ya taɓa manufar mai tambaya ba. Rufewa a bar ta ga tambayar da babu abin cetowa a cikinta, irin ta wanda ya kwafo aikin gida gaba ɗaya ya ce a yi masa (mu malamai mun san su sarai).

Su ma yaranmu da nasu laifin. A bincika ko an taɓa yin tambayar. A kwafo saƙon kuskuren yadda kwamfuta ta nuna shi, kar a ɗauki hoton allo da waya. A faɗi abin da aka gwada.

'Yan uwanmu da suka yi nisa a harkar kuwa, ba sai kun kai maki 2,000 ba. Kowa na iya ba da shawarar gyara, in an amince ma a ƙara masa maki biyu. In kun ga tambayar da Turanci kaɗai ya kayar, ku gyara ta kafin ƙuri'a ta uku ta faɗo.