Hutun farko a ƙasar waje: Fara da Ghana, ka nemi masu son abin da kake so

Duk wanda ya tara ɗan kuɗi ya ce zai fita waje hutu karon farko, tambayar da yake fara yi ita ce wace ƙasa zai je. Amsar da 'yan uwa da abokai ke ba shi kuwa ba ta wuce Dubai, Turkiyya ko Ingila.

A ganina akwai tambayar da ta kamata ta riga wannan. Mene ne abin da kake so, wanda kake yi ko kake kallo don jin daɗi kawai, ba don neman abinci ba? Dambe ne, ƙwallo ce, ɗaukar hoto ne, ɗinki ne ko tarihi?

In ka amsa wannan, sai ka nemi ƙasa mafi kusa da ke da mutanen da suka yi nisa a wannan abin, ka je wurinsu. Ga ɗan Najeriya mai jin Hausa, ban ga ƙasar da ta cika wannan sharaɗi kamar Ghana ba.

Me ya sa Ghana?

Dalili na farko shi ne biza. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Ka kwatanta da mai neman bizar ƙasashen Turai ta Schengen, wanda zai biya Yuro 90, ya tara takardun banki, ya yi jira, kuma in an hana shi ba a mayar masa da ko sisi. Mutane da yawa kuɗin hutunsu a nan yake ƙarewa tun ba su ga filin jirgi ba.

Na biyu shi ne kusanci. Daga Legas zuwa Accra tafiyar kusan awa ɗaya ce a jirgin sama. In wani abu ya taso a gida, ko kuɗi ya yanke maka, komawa ba ta gagara.

Na uku shi ne harshe. Turanci ne harshen hukuma, sannan Hausa tana ci a unguwannin zango kamar Nima, Maamobi da Sabon Zango a Accra, da Aboabo a Kumasi. Wannan tsohuwar alaƙa ce. Fataken goro daga Kano da Katsina sun daɗe suna zuwa Salaga a ƙasar Gwanja tun kafin zuwan Turawa, kuma babban malamin nan Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, a Kete Krachi ya zauna har ya rasu a 1934.

Ko a kwanon abinci za ka ga sawun wannan tarihi. Waakye da 'yan Ghana ke alfahari da shi daga kalmar wake ya samo suna, tuo zaafi tuwon zafi ne, koose kuwa ƙosai ne, kuma kokon da ake sayarwa da safe sunansa Hausa koko. Wurin salla ma ba ya wuya. Akwai Babban Masallacin Ƙasa a unguwar Kanda da aka buɗe a 2021, ga masallatan unguwa a ko'ina cikin zango.

Sai dai kada wani ya ruɗe ka cewa Accra gari ne mai arha. Kuɗin masauki yana da zafi, musamman a watan Disamba lokacin da baƙi daga Amurka da Turai ke cika garin. Ribar Ghana tana cikin sauƙin shiga da sauƙin mu'amala. Batun aljihu sai ka yi lissafinka da kyau.

Da ɗan gari akan ci gari

Baƙon da ya sauka a gari bai san kowa ba, duk wanda zai yi magana da shi a mako guda mai sayar masa da wani abu ne: direba, mai otal, mai shago. Zai dawo da hotunan gine-gine da ledar tsaraba, amma in ka tambaye shi yadda mutanen ƙasar suke, ba shi da ta cewa.

Abin sha'awa shi ke karya wannan katanga. Yana ba ka dalilin zama da mutum awa biyu ba ciniki a tsakaninku, kuma yana ba shi dalilin sauraronka, domin kai ma ka zo da abin da bai sani ba.

Ɗauki mai son dambe. A tsohuwar Accra, kusa da Jamestown, akwai unguwar Bukom ta ƙabilar Ga, masu kamun kifi da ke da nasu damben gargajiya tun kafin damben Turawa ya iso. Wannan yanki ne ya fitar da zakarun duniya irin su Azumah Nelson, wanda ya ci kambun duniya a 1984, da Ike Quartey da Joshua Clottey. Har yau unguwar cike take da ƙananan wuraren atisaye, wasu ma a buɗaɗɗen fili, ga babban zauren dambe da aka buɗe a 2016.

Wanda ya saba zuwa gidan dambe a Kano ko Sakkwato yana da abin faɗa a can. Ka nuna musu bidiyo a wayarka, ka yi musu bayanin yadda ake ɗaure hannu ɗaya da zare, da abin da ake nufi da turmi da kisa, da hamayyar Kudu da Arewa da Guramaɗa. Za ka ga hira ta ƙi ƙarewa.

Mai son ƙwallo yana da Hearts of Oak ta Accra, wadda aka kafa a 1911, da Asante Kotoko ta Kumasi, wadda aka kafa a 1935. Kallon wasan Kotoko a filin Baba Yara tare da magoya bayanta ya fi duk wani yawon kanti armashi. Sai dai ka duba jadawalin gasar kafin ka sayi tikitin jirgi, kada ka je lokacin da 'yan wasa ke hutu.

Mai ɗaukar hoto yana da bikin zane-zanen titi na Chale Wote da aka fara a Jamestown a 2011, ana yin sa a watan Agusta. Tela ko mai son saƙa ya nufi Bonwire kusa da Kumasi, inda ake saƙa kente. Mai son tarihi yana da gidan ajiye bayi na Elmina, wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482, da na Cape Coast, da fadar Manhyia ta Sarkin Asante. Mai son tsuntsaye da namun daji kuwa ga dajin Kakum a kudu da na Mole a arewa.

Akwai tarko ɗaya da Bahaushe ke faɗawa. Zango yana da daɗi har ta kai mutum zai ƙare hutunsa kaf a Nima, yana cin tuwo yana hirar siyasar Najeriya. Ka mayar da zango wurin kwana da salla da abinci, amma da rana ka fita wurin abin da ya kawo ka.

Takardu kafin jaka

Ka fara da fasfo tun da sauran watanni, domin ba a san ranar fitowarsa ba sai ya fito. Daga Satumban 2025, mai shafi 32 na shekara biyar Naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara goma kuma Naira 200,000. Ka tabbatar sunanka da ranar haihuwarka sun yi daidai da abin da ke kan lambarka ta NIN, saboda saɓanin harafi ɗaya na iya tsayar da aikin. In kana da tsohon fasfo, ka duba ko ya rage masa aƙalla wata shida.

Abu na biyu shi ne katin rigakafin cutar shawara, wanda aka fi sani da yalo kad. Ghana tana tambayarsa a wurin shiga. Takardar ba ta fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, kuma tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Ka je ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa a yi maka allurar da gaske. Masu sayen kati a bayan fage kansu suke cuta, domin cutar tana kisa.

Ka ɗauki hoton fasfo da katin a wayarka, ka tura wa wani na gida, sannan ka riƙe kwafin takarda a wata jaka daban.

Hanya da kuɗi

Mai tasowa daga Arewa galibi ta Abuja ko Legas zai bi. In mota ka zaɓa daga Legas, tafiyar ba ta kai kilomita 500 ba, amma iyaka uku za ka tsallaka: Seme zuwa Benin, Hillacondji zuwa Togo, sannan Aflao zuwa Ghana. Jiran iyaka ne ke cinye yini. Ga mai fita karon farko, ya fi kyau ya shiga motar kamfanin da ya saba bin hanyar, maimakon canza ƙananan motoci a kowace iyaka. Ka tabbatar an buga maka hatimin fita da na shiga a kowane wuri, kuma ka duba kwana nawa aka rubuta maka.

Kuɗin Ghana sidi ne, Benin da Togo kuma sefa. Kada ka dogara da katin banki ɗaya. Ka tambayi bankinka ko katinka yana aiki a waje da iyakar abin da za ka iya kashewa, sannan ka riƙe tsabar kuɗi ka raba su wuri biyu. Ka yi canji a shagon canji mai rajista. Duk abin da ya haura Dala 10,000 doka ta ce a bayyana shi ga jami'an kwastam. Kuɗin komawa gida kuwa ka ware shi tun ranar farko, ka manta da shi.

Agogon Ghana yana bayan na Najeriya da awa ɗaya. Damina mai ƙarfi a kudancin ƙasar tana kamawa daga Afrilu zuwa Yuli. Lambar neman agajin gaggawa 112 ce.

Yadda za ka haɗu da su ba tare da nadama ba

Yawanci a Facebook ko WhatsApp ake fara sanin juna, kuma ba laifi. Ka fara tuntuɓa makonni kafin tafiya, ka fi karkata ga ƙungiya ko wurin atisaye da ke da adireshin da kowa ya sani, maimakon mutum ɗaya da ba wanda zai shaide shi.

Amma hirar wata shida a waya ba ta mayar da mutum ɗan uwanka. An sha ceto matasan Najeriya, maza da mata, da aka yaudara zuwa Ghana da sunan aiki ko kasuwancin intanet, aka ƙwace musu waya da takardu. Masu wannan aika-aika da fara'a suke farawa.

Don haka haɗuwar farko ta kasance da rana, a wurin da ake yin abin da kuke so: filin wasa, wurin atisaye, rumfar masaƙa. Ka kama masaukinka da kanka, ko da sabon abokin ya rantse cewa ɗakinsa a buɗe yake. Kada ka tura wa kowa kuɗi kafin ka iso. Fasfonka kada ya shiga hannun kowa in ba jami'in hukuma ba. Wani na gida ya san inda za ka da wanda za ka gani, kuma ka ajiye lambar ofishin jakadancin Najeriya da ke Accra. Ga mace, zuwa da ɗan uwa ko ƙawa wurin haɗuwar farko ba abin da za a yi sassauci a kansa ba ne.

In hira ta tashi daga dambe ko hoto ta koma wata harkar samun kuɗi cikin sauri, ka yi sallama. Sannan komai daɗin zumuncin, kada ka karɓi saƙon da ba ka ga cikinsa ba. Wanda aka kama da jaka shi ne mai jaka a idon doka, kuma kunya ce ta kai mutane da yawa gidan yari.

Kai ma akwai haƙƙi a kanka. Ka tafi da 'yar tsaraba, ko hula ce ko turare. In mutum ya bar aikinsa ya zagaya da kai, ka biya kuɗin mota da abinci. Ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton kowa, ka nisanci ɗaukar wuraren soja da fadar shugaban ƙasa. Tufafi masu kama da kakin soja haramun ne ga farar hula a can. In ka tarar da mutane a zaune, daga na hannun damarka ake fara gaisawa a tafi hagu. Kada kuma ka mayar da hutu kasuwanci, domin dokar Ghana ta keɓe ƙananan saye da sayarwa a kasuwa ga 'yan ƙasa, kuma batun ya sha jawo rufe shagunan 'yan Najeriya.

Na san akwai mai cewa a wannan tsadar rayuwa hutu a waje almubazzaranci ne. Yana da gaskiya idan bashi za a ci, ko za a taɓa kuɗin makarantar yara. Wanda bai da rara ya jira, Ghana ba inda za ta.

Amma wanda Allah ya hore wa, kwana biyar ko bakwai sun isa. Zai koyi tsallaka iyaka, canjin kuɗi da zama da wata al'umma a inda kuskure ba ya da tsada sosai, kuma hatimin da ke fasfonsa shaida ce cewa ya fita ya dawo a kan lokaci. In ya yi dace, zai dawo da lambar mutum biyu ko uku da za su kira shi duk ranar da aka yi babban wasa, kuma wata rana shi ne zai tarbe su a tashar mota ya kai su gidan dambe.