Windows 10 ta ƙare, laifin wa?

Ƴan uwa, tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina aiko gyaran tsaro na Windows 10 kyauta. Satin jiya na taso daga Dogarawa karɓar takarda a wani ofis a Ƙonni, aka ce in dawo: yaron da ke kula da kwamfutoci ya sa Windows 11, manhajar rajista ta ƙi buɗewa. Kowa na zaginsa. Eh, ya yi ganganci, da ya ajiye kwafin bayanai, ya fara gwadawa kan inji ɗaya. Amma wanda ya rubuta manhajar fa? Ya karɓi kuɗinsa, ya koma Yamai, ko waya ba ya ɗauka. Gwada ta kan sabuwar Windows aikinsa ne. A rubuta hakan cikin kwangila kafin a biya shi ko dala.