Tsohuwar Fijo Ba Ta Cancanci Ɗaurin Waya Ba



A Faransa, Peugeot 504 ta zama kayan tarihi, ana lallaɓa ta kamar ƙwai. Mu kuwa a Anguwan Rogo, Fijon da aka fara harhaɗawa a Kaduna tun 1975 ita muke ɗaure wa salansa da waya.

Inda bututun salansa ya haɗu da bakin injin akwai maɗauri na ƙarfe da noti. Idan ya yi tsatsa ya saki, sai ka ji "tas-tas-tas" da sanyin safiyar Jos, in injin ya ɗumama ƙarfe ya buɗe, ƙarar ta ragu. Sai mai mota ya ce ai ta warke. Wallahi ba ta warke ba!

Hayaƙin da ke tsiyaya nan yana ɗauke da iska mai guba, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Lokacin hunturu kuma gilashi a rufe yake, ga yara a baya.

Wasu bakanikai a titin Bauchi za su ce a yi walda kawai, ya fi arha. Gaskiya ne, amma injin yana girgiza, walda kan tsage, kuma ranar sauke injin sai an yanka bututu.

Shawarata: a bar injin ya huce, a kankare tsatsa, a sa sabon maɗauri, a ɗaure notin bi da bi, kaɗan-kaɗan, har bakin ya zauna daidai. Bayan kwana biyu a sake taɓa su da sifana.

Araha ba ta ado. Allah Ya tsare mu, amin.